Citta: Amfaninta ga Lafiya da Yadda Manomi Zai Kiyaye Maganin da ke Cikinta

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kwana a Jos cikin watan Disamba ko Janairu ya san dalilin da ya sa teburin mai shayi ba ya rabuwa da citta. Garin yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga gaɓar teku, kuma idan hunturu ya kankama sanyin asuba yakan sauka zuwa digiri 11 ko ƙasa da haka. A irin wannan lokaci babu gidan da ba a nemanta. Ana sa ta a shayi da kunun zaki da fura da zoɓo, ana daka ta a yajin tsire da na mai jego, ana kuma jiƙa ta a ba mai mura.

Saboda wannan farin jini, maganganu sun yi yawa a kan citta. Wasu gaskiya ne, bincike ya tabbatar da su. Wasu kuwa zuzutawa ce ta masu talla, kuma suna iya sa marar lafiya ya makara zuwa asibiti. Akwai kuma abu guda da ba a cika faɗa ba: ƙarfin maganin da ke cikin citta ya dogara ne ga yadda aka noma ta, aka girbe ta, aka shanya ta, aka kuma ajiye ta. Cittar da ta yi fumfuna a wurin shanya tana iya cutar da wanda ya sha ta don neman sauƙi. Wannan darasi zai taimaka wa malaman gona da manoma su san amfanin citta na haƙiƙa, su san iyakarta, su kuma san aikin da ya hau kansu don maganin ya isa ga mai sha da ƙarfinsa.

Wace citta ake nufi

Hausawa suna kiran tsirrai biyu da sunan citta. Akwai citta mai 'ya'ya, wadda ƙananan ƙwayoyinta ke cikin kwanso. Akwai kuma citta mai yatsu, wadda ake tonowa daga ƙasa, masana kimiyya kuma suke kiranta Zingiber officinale. A kan ta biyun wannan darasi yake magana.

Asalin citta mai yatsu daga kudanci da kudu maso gabashin Asiya ne, inda mutanen Indiya da Sin suka daɗe suna magani da ita. A Nijeriya an fara noma ta don kasuwa a kudancin lardin Zazzau wajen shekarar 1927, kuma har yau cibiyar nomanta tana kudancin Jihar Kaduna, a ƙananan hukumomin Kachia da Jaba da Kagarko da Jema'a, wato maƙwabtan Filato ta yamma. Daga kasuwanni irin su Kwoi da Kafanchan ake kawo da yawa daga cikin cittar da ake sayarwa a Jos da Bukuru. Indiya ce kan gaba a duniya wajen noman citta, Nijeriya kuma ta daɗe tana kan gaba a Afirka.

Manomanmu sun san iri biyu:

1. Tafin Giwa: yatsunta masu kauri ne, cikinta rawaya ne, kuma ta fi auki a gona.
2. Yatsun Biri: yatsunta sirara ne, launinta ya fi duhu, ƙamshinta kuma mai ƙarfi ne, don haka masu tatsar mai suke nemanta.

Cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa ta ƙasa, wadda hedkwatarta ke Umudike a Jihar Abiya, ita aka ɗora wa alhakin binciken citta. Tana da reshe a Kuru kusa da Jos, inda aka fi mai da hankali ga dankalin Turawa.

Inda maganin yake

Abin da muke kira saiwar citta a zahiri kara ne da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa yake da idanu masu tsiro. A cikinsa akwai abubuwa iri biyu masu aiki a jikin ɗan Adam.

Na farko shi ne mai mai ƙamshi, wanda bai wuce kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari na nauyin busasshiyar citta ba. Wannan mai yana bin iska cikin sauƙi, kuma mafi yawansa yana kusa da ɓawo. Wanda ya fere citta da zurfi, ko ya niƙa ta ya bar garin a buɗe, ya zubar da shi.

Na biyu su ne sinadaran da ke ba ta yaji. A ɗanyar citta babbansu shi ne jinjarol. Idan aka shanya ta ko aka dafa ta, wani sashe na jinjarol yakan rikiɗe ya zama shogawol, wanda ya fi shi zafi a harshe. Wannan ne dalilin da ya sa busasshiyar citta ta fi ɗanya yaji. Waɗannan sinadarai suna hanzarta wucewar abinci daga tumbi zuwa hanji, suna rage saƙon da ciki ke aika wa ƙwaƙwalwa wanda ke tayar da amai, suna kuma rage wasu sinadaran jiki masu haddasa kumburi da zogi. Yawancin amfanin citta daga waɗannan ayyuka uku ya fito.

Amfanin da bincike ya tabbatar

A shekarar 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa citta a kundi na farko na bayanan tsirran magani da ta wallafa. Tun daga lokacin an yi gwaje-gwaje da yawa a kan mutane. Ga inda hujja ta fi ƙarfi, daga sama zuwa ƙasa.

1. Laulayin ciki. Wannan shi ne amfanin da aka fi gwadawa. Mata masu ƙaramin ciki da aka ba kimanin giram 1 na garin citta a rana, a rarrabe, sun sami sauƙin tashin zuciya fiye da waɗanda ba a ba su ba. Ta fi rage tashin zuciya a kan tsayar da aman kansa. A 2016, cikin shawarwarinta kan kula da masu juna biyu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa citta cikin abubuwan da za a iya ba mace don sauƙin laulayi a farkon ciki.

2. Amai a mota. Matafiyin da ya san kwanonin Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga ya san yadda wasu fasinjoji ke galabaita. A 2012 hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta amince da garin citta don rigakafin tashin zuciya da amai na tafiya, giram 1 zuwa 2 ga babba, sa'a ɗaya kafin a hau mota. A lura, kafin tafiya ake sha. Idan amai ya riga ya fara, amfaninta kaɗan ne.

3. Kumburin ciki da rashin narkewar abinci. Wanda abinci ke tsaya masa a ciki, ko iska ke damunsa bayan cin wake ko abinci mai maiƙo, yakan sami sauƙi da shayin citta bayan cin abinci.

4. Ciwon mara na al'ada. Gwaje-gwaje sun nuna cewa garin citta daga kashi uku cikin huɗu na giram zuwa giram 2 a rana, a kwanaki uku ko huɗu na farkon al'ada, yana rage ciwon ga mata da yawa.

5. Amosanin gaɓɓai. Ga masu ciwon gwiwa na tsufa, wanda sanyin Jos kan tsananta, citta tana rage zogi kaɗan idan aka daɗe ana sha. Sauƙi ne take kawowa, ba ta mayar da gaɓar da ta riga ta ci.

6. Mura da ƙaiƙayin maƙogwaro. Shayin citta mai ɗumi yana ɗumama jiki, yana sanyaya maƙogwaro, yana kuma sa mai mura ya sha ruwa da yawa, wanda shi kansa taimako ne. A nan hujjar ta fi dogara ga daɗewar al'ada. Mura tana warkewa da kanta cikin mako guda ko kwana goma, citta sauƙaƙa wahalarta take yi.

Abin da citta ba ta yi

Wajibi ne malamin gona ya faɗi wannan sashe da ƙarfin da ya faɗi na baya, domin a nan rayuka suke salwanta.

Citta ba ta kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Gumin da take sawa yakan sa a zaci zazzaɓi ya sauka, alhali ƙwayar tana nan tana ƙaruwa a jini. Duk mai zazzaɓi, musamman yaro da mai ciki, a kai shi a yi masa gwajin jini a ranar.

Citta ba ta maganin taifot, ba ta maganin tarin fuka. Tarin da ya kai mako biyu, ko wanda ke tare da rama da zufar dare ko jini, na asibiti ne. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka keɓe. Haka nan yaron da ke tari yana numfashi da sauri, ko haƙarƙarinsa na lotsawa, ba mura ce ke damunsa ba, a garzaya da shi.

Game da ciwon sukari da hawan jini, wasu ƙananan gwaje-gwaje sun nuna ɗan sauƙi, amma bai kai a ajiye maganin likita ba. Wanda ya daina shan maganinsa ya koma ga citta ya jefa ƙodarsa da idonsa da zuciyarsa cikin haɗari. Ba ta kuma warkar da ciwon daji. A 2020, lokacin annobar korona, jama'a sun yi rububin citta da tafarnuwa da lemon tsami, amma babu gwajin da ya tabbatar cewa suna hana kamuwa da cutar.

Yawan da za a sha da yadda za a haɗa

A gida babu sikelin giram, don haka a riƙe wannan awo. Ƙaramin cokalin shayi na garin citta, a shafe ba a tsiri ba, kimanin giram 2 ne. Rabinsa giram 1 ne. Guntun ɗanyar citta mai girman gaɓar babban yatsa kimanin giram 5 ne, ƙarfinsa kuma ya yi kusa da giram 1 na gari.

1. Babba mai lafiya: kada ya wuce cokali biyu na gari a rana, wato giram 4, har da wanda ya ci a abinci da kunu.
2. Mai ciki: kada ta wuce rabin cokali a rana, a raba shi sau uku ko huɗu.
3. Matafiyi: rabin cokali zuwa cokali ɗaya, sa'a guda kafin tashi.

Don haɗa shayi, a wanke guntun ɗanyar citta, a kankare ɓawon sama-sama da bayan cokali, a daddaka. A zuba mata tafasasshen ruwa kofi ɗaya, a rufe na minti 5 zuwa 10, sannan a tace. Rufewar tana da muhimmanci, domin man ƙamshin yana fita ne tare da tururi. Ana iya ƙara lemon tsami ko zuma, amma ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya zuma ba.

Waɗanda za su yi hattara

1. Mai ƙwarnafi ko gyambon ciki. Citta da yawa, musamman a cikin da babu abinci, tana iya tayar da zafin ƙirji.
2. Mai shan maganin tsinka jini, irin su warfarin da asfirin. Ya tambayi likitansa kafin ya mai da citta abin sha na kullum, domin ana fargabar ta ƙara saurin zubar jini.
3. Wanda za a yi wa tiyata. Ya sanar da likita, ya kuma dakatar da shan ta da yawa tun ana saura mako ɗaya ko biyu.
4. Mai tsakuwa a matsarmama. Kada ya sha don magani sai da izinin likita.
5. Mai ciwon sukari da ke shan magani. Ya riƙa auna jininsa, kada sukarin ya faɗi fiye da kima.
6. Yaro ƙasa da shekara 6. Ba a ba shi citta a matsayin magani. Ɗan abin da ke cikin kunu ko miya ba laifi.
7. Mai ciki da ta taɓa ɓari ko take ganin jini, ko wadda haihuwarta ta kusa. Ta nemi shawara a wurin awo. Wadda amai ya hana ta riƙe ko ruwa, asibiti za a kai ta.

Game da mai jego, citta a yaji da kunu daidai misali ba ta da illa. Abin tsoro shi ne yawan kanwa. Binciken da likitoci suka yi a Zariya cikin shekarun 1970 ya danganta yawan shan kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa.

Noman citta a ƙasar Filato

Citta tana son ɗumi na digiri 25 zuwa 30, da ruwan sama mai yawa, da ƙasa mai taushi mai taki wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Jos tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,400 a shekara, daga Afrilu zuwa Oktoba, wanda ya wadatar. Matsalar saman tudu ita ce sanyi, wanda ke jinkirta tsiro da girma. Gangaren tudun ta yamma da kudu, inda ɗumi ya fi yawa, ya fi dacewa da noman kasuwa. A saman tudu kuwa, manomi ya fara da ƙaramin fili a bayan gida kafin ya faɗaɗa.

1. Zaɓen wuri. A guji fadama mai riƙe ruwa da taɓo, a kuma guji turɓayar tsofaffin wuraren haƙar kuza, domin ba ta da taki. Citta tana jure 'yar inuwa, don haka gefen itatuwan lambu ya yi.
2. Gyaran ƙasa. A yi kaftu mai zurfi, a zuba ruɓaɓɓen takin shanu ko na kaji, a tayar da tudun shuka mai tsayin kimanin santimita 15 don ruwa ya riƙa zurarewa.
3. Iri. A zaɓi citta mai ƙwari marar tabo, a karya ta guntu-guntu na kimanin giram 10, kowane guntu da ido ɗaya ko biyu.
4. Shuka. A shuka da zarar ruwa ya zauna, daga tsakiyar Afrilu zuwa Mayu, zurfin santimita 5, tazarar santimita 20 ta kowane gefe. Wannan yana ba da tushe 250,000 a hekta, wato ana buƙatar iri tan 2.5.
5. Lulluɓi. A rufe tudun da busasshiyar ciyawa ko ganye nan take bayan shuka. Lulluɓi yana riƙe laima, yana danne haki, yana kuma kare ƙasa daga dukan ruwan farko da ƙanƙarar da kan faɗo a Filato.
6. Taki da noma. Ana ba da shawarar kimanin buhu 6 na takin NPK 15:15:15 a hekta, amma malamin gona ya daidaita da ƙarfin ƙasar wurin. A cire haki da hannu, domin fartanya tana sarar yatsun, kuma ta wurin sara cuta ke shiga.

Ga mai son cittar gida kawai, tudu mai faɗin mita 1 da tsawon mita 5 yana ɗaukar tushe 125, wato iri kilo ɗaya da kwata. Idan kowace murabba'in mita ta ba da kilo ɗaya, za a sami ɗanya kilo 5, wadda za ta koma busasshiya kimanin kilo 1. Wannan ya kai ƙananan cokula 500, ya ishi iyali shekara.

Darasin annobar 2023

A daminar 2023 wata cutar fumfuna ta afka wa gonakin citta a kudancin Kaduna, ta kuma taɓa sassan Filato da Nasarawa da yankin Abuja. Ganye ya riƙa yin rawaya yana ƙonewa, yatsun suna ruɓewa a ƙasa, manoma da yawa suka tashi babu ko irin da za su mayar. Gwamnatin Tarayya ta ƙiyasta asarar da fiye da naira biliyan 12, ta kuma kafa kwamitin yaƙi da cutar. Farashin citta ya ninka sau da yawa a kasuwanni, har masu shayi da masu kunu a Jos suka ji a jikinsu.

Cututtukan ruɓewar citta suna yaɗuwa ta hanyoyi uku: iri, ƙasa da ruwa mai gudu. Rigakafi ya fi magani, don haka:

1. Kada a sayi iri a kasuwa ba a san gonar da ya fito ba.
2. Kafin shuka a jiƙa irin minti 30 cikin maganin fumfuna irin su mankozeb, bisa awon da ke jikin kwalinsa, a shanya a inuwa. Irin da aka jiƙa ba na ci ba ne, kada a bar shi inda yara ko mai girki za su ɗauka.
3. Kada a maimaita citta a fili ɗaya sai bayan shekara 3 ko 4. A juya da masara ko acca ko wake.
4. A tsaga magudanar ruwa, kada ruwan gonar maƙwabci ya ratsa taka.
5. Tushen da ya yi rawaya kafin lokaci a tuge shi da ƙasarsa, a ƙone a bayan gona, a kuma sanar da malamin gona a ranar.
6. Idan an yi feshi, a kiyaye kwanakin da aka rubuta a bari kafin girbi. Amfanin da za a sha don magani bai kamata ya ɗauki ragowar guba ba.

Girbi

Mai son ɗanyar citta mai taushi don abin sha yana iya tono daga wata 5 ko 6. Amma yaji da mai suna ƙaruwa ne yayin da take ƙosawa, don haka cittar magani da ta shanya sai ta kai wata 8 zuwa 9, lokacin da ganye ya bushe ya kwanta. Wanda ya shuka a Afrilu zai yi girbi a Disamba. A tono a hankali kada a farfasa. A ware irin baɗi tun a gona daga tushen da ba su taɓa nuna cuta ba, a ajiye shi a rami mai inuwa cikin yashi ko garin katako, a riƙa dubawa ana cire wanda ya ruɓe.

Shanya da ajiya

A nan ne yawanci ake ɓata aikin wata tara cikin mako guda. Ɗanyar citta kusan kashi 80 cikin ɗari ruwa ce. Idan ta daɗe a jiƙe, fumfuna yakan kama ta, kuma wani nau'insa yana fitar da guba mai suna afulatoksin. Wannan guba ba ta da ɗanɗano, tafasa ba ta kashe ta, kankare fumfunan ba ya cire ta. Tana taruwa tana lalata hanta, kuma tana cikin sanannun abubuwan da ke haddasa dajin hanta. Tarayyar Turai ba ta karɓar cittar da gubar ta wuce kashi 10 cikin biliyan ɗaya na nauyinta. Abin da aka ƙi saya a waje, bai kamata mu ba 'ya'yanmu ba.

Manomin Filato yana da sa'a, domin girbinsa yana faɗowa cikin hunturu, lokacin da iska ta bushe. Ga matakan da za a bi:

1. A wanke cittar da ruwa mai tsabta a ranar da aka tono ta. Kada a wanke a kwata ko kududdufi.
2. A tsaga kowane yatsa gida biyu a tsaye da wuƙa mai tsabta. Ba sai an fere ba, domin man yana kusa da ɓawo.
3. A baza ta ɗaiɗai, ba a tsibe ba, a kan gadon shanya da aka ɗaga daga ƙasa, ko a kan tabarma ko tamfol mai tsabta. Kada a shanya a ƙasa tsura ko a gefen kwalta, inda ƙura da hayaƙin mota da kashin awaki ke sauka a kanta.
4. A juya ta kowace rana. Da yamma a kwashe ko a rufe, domin raɓar dare tana mayar da aikin baya.
5. Idan da na'urar busarwa ake aiki, kada zafin ya wuce digiri 60, don kada man ya tsere.
6. Shanyar rana takan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. Ta bushe idan aka karya ta ta yi ƙas. Idan ta lanƙwashe, da saura. Laimarta kada ta wuce kashi 12 cikin ɗari.
7. A tsince duk wadda ta yi baƙi ko kore ko take warin gumi, a ƙone. Kada a ba kaji ko shanu, domin gubar tana fitowa a nono, tana kuma kashe kaji.

Bayan ta bushe ta huce, a zuba a buhun algarara ko wani buhu mai shan iska wanda ba a taɓa zuba taki ko maganin feshi a ciki ba. A jera buhunan a kan katako, nesa da bango, a ɗaki marar yoyo. Kada a ajiye ta tare da fetur ko kananzir, domin tana ɗaukar wari. Kada a taɓa yayyafa mata fiya-fiya ko wani maganin ƙwari don tsoron ƙwaro.

Citta ta fi riƙe ƙarfinta a tsage fiye da a niƙe. A riƙa niƙa abin da zai ƙare cikin wata biyu ko uku, a injin da aka share, a zuba garin a kwalba mai murfi, a ajiye inda rana ba ta kaiwa. Garin da ƙamshinsa ya gushe, maganinsa ma ya ragu. Mai haɗa garin citta da garin masara don ya yi auki yana cutar marar lafiyar da ya dogara da awon cokali, yana kuma zubar da mutuncin kasuwar kowa.

Aikin malamin gona

Malamin gona ba likita ba ne, amma shi ne ma'aikacin da ya fi shiga ƙauye. Saboda haka:

1. Ya shirya gwajin shanya a gaban manoma kafin Disamba, rabi a ƙasa rabi a kan gado, su kwatanta launi da ƙamshi da idonsu.
2. Ya jawo ƙungiyoyin mata, domin yawancin tsaga da shanya da niƙa a hannunsu suke.
3. Ya gayyaci ma'aikacin lafiya na yankin idan za a yi bayanin awon sha da masu hattara.
4. Ya shaida wa masu son ƙulla garin citta ko shayinta a leda don sayarwa cewa dole su yi rajista da hukumar NAFDAC, kuma kada su rubuta a jikin ledar cewa tana warkar da cutar da ba ta warkarwa.
5. Ya kai rahoton duk alamar cuta ga shirin bunƙasa aikin gona na jiha da reshen cibiyar bincike mafi kusa.

Kammalawa

Citta magani ce ta gaskiya ga tashin zuciya da kumburin ciki da ciwon mara, tana kuma kawo sauƙi ga mai mura da mai ciwon gaɓɓai. Ba ta maye gurbin asibiti a zazzaɓi da tari mai daɗewa da ciwon sukari da hawan jini. Manomin da ya shuka iri mai lafiya, ya jira ta ƙosa, ya shanya ta a sama, ya ajiye ta a bushe, shi ne zai kai wa iyalinsa da masu sayensa cittar da za ta yi aikin da ake nema, shi ne kuma zai sami farashi mai kyau.

Tambayoyin bita

1. Me ya sa busasshiyar citta ta fi ɗanya yaji?
2. Nawa ne iyakar garin citta ga babba a rana, nawa ne kuma ga mai ciki?
3. Kawo cututtuka uku da ba a dogara da citta a kansu.
4. Ta waɗanne hanyoyi uku cutar ruɓewar citta ke yaɗuwa?
5. Yaya manomi zai gane cittarsa ta bushe, kuma me zai yi da wadda ta yi fumfuna?